Nazari kan Detroit: birnin da cikinsa ya mutu, gefensa ya cinye gonaki

Malamai 'yan uwa masu koyar da labarin ƙasa, da ku ɗalibai, akwai wani gari da nake ganin ya kamata mu riƙa shigo da shi aji duk lokacin da aka zo maganar birane. Yanda muka saba, mutuwar cikin birni darasin sati ɗaya ne, ƙaura da zuwan baƙi na wani satin, cin gonaki da gine-gine ke yi kuma sai a cusa shi can ƙarƙashin noma ko muhalli, yaro ya haddace kowanne daban ya juye a takardar jarabawa ya wuce abinsa. A Detroit ta jihar Michigan a Amurka ba zaka iya raba ukun nan ba ko kana so, dan gidan da ya zama kango a cikin gari, mai shi yana can zaune a kan abinda da gonar masarar wani ce mil 20 daga wajen, na maƙwabcinsa kuma ɗan Yaman ko ɗan Bangaladash ne ya zo ya saya.

Mu fara da lambobi tunda su ne ke sa yara su nutsu. A ƙidayar 1900 mutum 285,704 ne a Detroit. A 1950 sun kai 1,849,568, ita ce ta biyar a girma a duk Amurka. A 2020 kuma 639,111. Kusan kashi biyu cikin uku kenan sun tafi, ba yaƙi, ba annoba, ba fari. In ka tsaya nan ka tambayi aji ina mutanen suka je, yawanci cewa za su yi sun bar jihar ne saboda kamfanoni sun rufe, kuma wasu kam sun bar ta. Toh amma ga lamba ta biyu wadda ita ce kan maganar gaba ɗaya. Gundumomi ukun da birnin da kewayensa suke ciki, Wayne da Oakland da Macomb, a 1970 jimillarsu wajen miliyan 4.2 ne, a 2020 kuma sama da miliyan 3.9. Kaga yankin bai wani ragu ba. Oakland da take da 396,001 a 1950 ta zama 1,274,395 a 2020, Macomb daga 184,961 ta koma 881,217. Mutanen suna nan, matsawa kawai suka yi, gari ya zama kamar gammo, gefe ya yi kauri tsakiya rami.

Shi kansa cikin garin ai gona ne asali. Bafaranshe Cadillac ne ya kafa shi a 1701 a bakin kogin da ya raba wajen da Kanada ta yau, Faransawa suka yanka gonaki sirara dogaye kowacce kanta a bakin ruwa, har yanzu wasu tituna irin su Beaubien da Chene da St. Aubin sunan masu gonakin suke ɗauke da shi. Mota ce ta canza komai. Henry Ford ya kafa kamfaninsa a 1903, a 1913 ya fara layin haɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park, a Janairun 1914 ya ce zai riƙa biyan dala 5 a rana, fiye da ninkin abinda yake biya a da. Labari ya zaga duniya. 'Yan Folan suka cika Hamtramck kusa da masana'antar Dodge, ga 'yan Italiya, ga 'yan Hangare, ga Larabawan Sham da Labanan waɗanda har masallaci suka gina a Highland Park a 1921, yana cikin na farko-farko da aka gina a Amurka. Da yaƙin duniya na ɗaya da dokar 1924 suka toshe hanyar baƙin Turai, sai baƙaƙen fata daga kudancin Amurka suka kwararo, masu gudun wariya da noman auduga na bashi. A 1910 su 5,741 ne a garin, a 1930 sun kai wajen 120,000. Wato baƙi ne suka gina garin tun farko, ya kamata yaro ya riƙe wannan kafin a zo kan baƙin yanzu.

Abinda ya fi yawo a baki shine wai tarzomar 1967 ce ta kashe Detroit. An yi ta kam, ta fara ranar 23 ga Yuli a titin 12th Street bayan 'yan sanda sun kai samame wata mashaya, kwana biyar ana yi, mutum 43 suka mutu, an kama sama da 7,000, kuma fararen fata sun ƙara gudu bayanta ba musu. Amma ni bana yarda ɗalibi ya rubuta min ita a matsayin dalili na farko, saboda lissafin shekaru bai ba shi gaskiya ba. Garin ya fara raguwa tun shekarun 1950, ƙidayar 1960 ta riga ta nuna 1,670,144. Masanin tarihi Thomas Sugrue ya nuna cewa tsakanin 1947 da 1963 birnin ya rasa guraben aikin masana'anta 134,000, kuma tsakanin 1947 da 1958 manyan kamfanonin mota uku sun gina sababbin masana'antu 25 a yankin, ba ko ɗaya a cikin birnin. Dalilin na fili ne, a zahiri fili. Tsofaffin masana'antu irin ta Packard benaye ne a matse cikin unguwa, sabon tsarin injina kuwa shimfiɗa yake so, hawa ɗaya mai faɗi, da wajen fakin na dubban ma'aikata, da hanyar tireloli. Ina zaka samu eka ɗaruruwa a shimfiɗe da araha? A gona. General Motors ta buɗe cibiyar fasaharta a Warren a 1956, Warren ɗin da ƙauyen manoma ce, kafin 1970 ta kai mutum 179,000 da ɗoriya. Livonia daga 17,534 a 1950 ta haura 110,000 a 1970. Ga kuma haraji mai sauƙi a waje, ga nisa da ƙungiyar ƙwadago mai zafi ta cikin gari, duk sun shiga lissafin masu kamfani.

Toh aiki ya fita, amma ba kowa aka bari ya bi shi ba, kuma nan ne darasin yake da ɗaci. Gwamnatin tarayya tana tsaya wa mutane su karɓi bashin sayen gida na shekaru masu yawa da ruwa kaɗan, sai dai hukumomin sun zana taswirar unguwanni, inda baƙaƙe suke ko suke kusa sai a shafa masa ja a ce hatsari ne, banki ba zai ba da kuɗi ba. Sabon gida a bayan gari cikin farare zalla shi ake ba bashi cikin sauƙi. A 1941 wani mai gina gidaje yana son a amince masa da bashi kusa da wata unguwar baƙaƙe a wajen titin Eight Mile, wanda shine iyakar birnin ta arewa, aka ƙi, sai ya gina katangar kankare mai tsayin ƙafa 6, tsawonta wajen rabin mil, tsakaninsa da su, shikenan aka amince. Katangar tana nan har yau an yi mata zane-zane. In zaka nuna wa aji hoto ɗaya tak a wannan darasin, ita zaka nuna. Dearborn ma da ke gefen Detroit, wadda yanzu ta zama garin Larabawa, magajin garinta Orville Hubbard da ya yi mulki daga 1942 zuwa 1978 bai taɓa ɓoye cewa baya son baƙar fata ya zauna masa a gari ba.

Sai manyan hanyoyi. Dokar 1956 ta sa gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin gina su, aka ratsa su ta tsakiyar unguwanni, Black Bottom da Paradise Valley inda kasuwanci da kiɗa da rayuwar baƙaƙe suke aka rushe su da sunan gyaran gari da shimfiɗa titi, titin Hastings ya ɓace ƙarƙashin kwalta. Hanyar da aka ce zata kawo mutane cikin gari ita ta sa mutum zai iya kwana a mil 15 ya zo ofis cikin rabin awa. Kantin Hudson's, wanda shine babban kantin tsakiyar gari, da kansa ya je Southfield ya buɗe rukunin shaguna na Northland a 1954, ƙarshe na cikin garin ya rufe a 1983 aka tashe shi da nakiya a 1998. Hatta ruwan famfo hukumar ruwan Detroit ce ta ja wa garuruwan gefen bututu.

Akwai layi ɗaya a taswira da in yaro bai gane shi ba bai gane komai ba, shine iyakar birnin. Tun 1926 Detroit bata ƙara faɗaɗa iyakarta ba, tana nan a murabba'in mil 139, duk ƙauyukan da ke kewaye suka yi rajista suka zama garuruwa masu cin gashin kansu, kowanne da harajinsa da 'yan sandansa da makarantunsa. A Amurka harajin gida ne ke riƙe ƙaramar hukuma sosai, saboda haka wanda ya tsallaka Eight Mile ya tafi da harajinsa kenan, amma titin da bututun da fitilun da aka yi wa mutum miliyan 1.8 suna nan sai an kula da su, ga fanshon tsofaffin ma'aikata. Sai a ƙara wa waɗanda suka rage haraji, aiki kuma ya ƙara lalacewa, sai mai hali ya tattara shi ma, haka ake ta zagayawa. A 1974 kotun ƙoli a shari'ar Milliken da Bradley, alƙalai 5 da 4, ta hana a haɗa makarantun cikin birni da na gefe wajen magance wariya, iyaye suka gane cewa tsallaka layin ya isa. Daga baya baƙaƙe masu rufin asiri ma suka bi sahu zuwa Southfield da sauransu, tsakanin 2000 da 2010 kaɗai garin ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensa. Ranar 18 ga Yulin 2013 birnin ya je kotu ya ce ya karye, bashin da ke kansa wajen dala biliyan 18, a lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titi basa kamawa.

Yanzu mu tsallaka ɗaya gefen mu tsaya inda manomi yake. Titunan arewacin Detroit da lissafin mil aka sa musu suna, Eight Mile, Nine Mile, haka har sama da 30, wannan kyauta ce ga malami dan zaka iya bin gine-gine kana ƙirga mil. Ƙasar wajen shimfiɗaɗɗiya ce, tsohon gindin tafki, ana noman masara da waken suya da alkama da kayan lambu, can sama kuma gonakin 'ya'yan itace. Ƙasar da tafi daɗin noma ita tafi daɗin gini, ba tudu ba dutse ba sare daji. In titi da bututu suka iso, kuɗin da mai gini zai bayar kan eka ɗaya manomi ba zai same shi daga masara ba ko shekara nawa zai yi, ga ƙimar filin ta tashi haraji ya biyo ta, ga sababbin maƙwabta suna ƙorafin warin taki da tarakta a kan titi, ga 'ya'ya sun yi boko basa son gona. Dattijo sai ya sayar ya huta, kuma gaskiya ba zaka ga laifinsa ba. Jihar ta yi doka a 1974 mai rage wa manomi haraji in ya yi alkawarin barin filin a gona na wasu shekaru, ta taimaka a can nesa, amma a bakin gari kuɗin mai gini ya fi rangwamen ƙarfi. Macomb Township misali ce mai kyau, 22,714 a 1990, 50,478 a 2000, 91,663 a 2020.

Abin tambaya shine, tunda yawan mutanen yankin bai ƙaru ba tun 1970, wa ake gina wa gidajen? George Galster na jami'ar Wayne State ya lissafa cewa tun 1950 ana gina wa yankin gidaje kusan 10,000 a kowace shekara fiye da yawan iyalan da suke buƙata. Mai kuɗi ya koma sabo a bakin gona, na bayansa ya shiga wanda ya bari, na bayan wannan ma ya matsa, a ƙarshen layin akwai gidan da ba wanda zai shiga, kuma wannan gidan kusan kullum a cikin Detroit yake. Ni a wajena wannan ne bayanin da yafi kowanne haɗa kango da gona a jimla ɗaya. Kuma abin bai tsaya a iyakar birni ba, Northland da ta kashe kasuwar tsakiyar gari ita ma ta rufe a 2015, Lakeside da aka buɗe can gaba a Sterling Heights a 1976 ta rufe a 2024.

Maganar baƙi kuwa, Allah ya ba mu gwaji a shirye. A cikin cikin Detroit akwai ƙananan garuruwa biyu masu cin gashin kansu, manne da juna, Highland Park da Hamtramck. A 1930 Highland Park tana da 52,959, Hamtramck 56,268. Duka biyun mota ce ta gina su, duka biyun ta gudu ta bar su, Dodge ta rufe a Hamtramck a 1980, Chrysler ta kwashe hedikwatarta daga Highland Park zuwa Auburn Hills a shekarun 1990. A 2020 Highland Park 8,977 ta rage, wadda a 2011 kamfanin lantarki ya zo ya tuge fitilun titinta sama da 1,000 saboda bashi. Hamtramck ta sauka har 18,372 a 1990, sai ta juyo, 22,423 a 2010, 28,433 a 2020. Bambancin baƙi ne. Bayan dokar shige da fice ta 1965 ta sake buɗe ƙofa, 'yan Yaman da 'yan Bosniya da 'yan Bangaladash suka riƙa sayen ƙananan gidajen da 'yan Folan suka bari, da araha, kusa da masallaci, kusa da ɗan uwa, ana iya zuwa kanti a ƙafa. Titin Conant ya cika da shagunan Bangali. A 2004 majalisar garin ta yarda a yi kiran sallah da lasifika bayan doguwar rigima, a zaɓen 2021 kuma magajin gari Amer Ghalib da duk kansiloli suka kasance Musulmi. Haka kudu maso yammacin Detroit, 'yan Meziko ne suka riƙe titin Vernor da rai, Dearborn kuma yaƙin basasar Labanan na 1975 da yaƙe-yaƙen Iraƙi suka ƙara cika ta, a ƙidayar 2020 fiye da rabin mutanenta 'yan asalin ƙasashen Larabawa da kewaye ne.

Amma kar mu yi zumuɗi dan mun ji kiran sallah mu ce baƙi sun ceci gari. Hamtramck har yanzu talakan gari ce, sau biyu jiha tana turo mata mai kula da kuɗi saboda asusunta ya ƙafe. Kuma baƙo in ya samu wuri shi ma hanyar da na gabansa suka bi yake bi. 'Yan Folan sun haura Warren, yanzu 'yan Bangaladash ma Warren suke haurawa, Kaldiyawa, wato wasu Kiristocin Iraƙi, da suka fara a wajen Seven Mile sun koma Sterling Heights da West Bloomfield, injiniyoyi 'yan Indiya kuwa basa ma bi ta cikin gari, daga filin jirgi sai Troy ko Novi ko Canton. Baƙi suna cike ramin ne muddin sababbi na zuwa a bayansu, injin da ke tura mutane waje bai daina aiki ba.

Abin dariya abin tausayi, noma ya dawo cikin garin. Inda aka rushe kangaye ciyawa ta fito, mutane suna lambu, akwai gonar D-Town mai eka 7 a Rouge Park, hukumar filayen birnin tana sayar wa mai gida filin da ke gefensa dala 100. Ba sabon abu bane ma, magajin gari Hazen Pingree ya raba wa marasa aiki filaye su shuka dankali tun 1894. Sai dai filin da aka rushe tsohon gida a kai yana iya zama da dalma da ɓaraguzai, sai an gwada ƙasar ko an kawo wata, kuma ɗan lambu nan ɗan lambu can ba zai maye gonakin da aka binne da kwalta a Macomb ba. Tsakiyar gari ta ɗan farfaɗo, Ford ta gyara tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta rufe tun 1988 ta buɗe a 2024, ƙiyasin 2023 ya nuna ƙarin mutum 1,852, karo na farko tun 1957. Ƙari ne kam, amma ka ajiye shi kusa da miliyan 1.2 da suka tafi.

Ga mu malamai akwai wani abu da Detroit ta bar mana. A 1968 malamin labarin ƙasa William Bunge da wata matashiya baƙar fata 'yar garin, Gwendolyn Warren, suka kafa wata cibiya da ke koyar da matasan unguwa kyauta, su fita su zana taswirar inda suke zaune da kansu. Taswirarsu da tafi shahara ɗigo-ɗigo ce kawai, kowane ɗigo wajen da mota ta kashe yaro ne, kuma ɗigon ya jeru ne a kan hanyar da masu zama a unguwannin masu kuɗi na gefe ke bi da gudu zuwa ofis a tsakiyar gari. Zanen zobba na Burgess, mai nuna birni a matsayin zobe cikin zobe, da muke sa yara su kwafa ba zai nuna maka wannan ba, shi daga Chicago ta 1925 aka ɗauko shi, lokacin da tsakiya ke da ƙarfi kuma gari na girma.

Yara za su ce ai malam haka Kano take, gonakin Kumbotso da Ungogo sun zama fuloti, awon igiya ko'ina, masaƙun Kakuri a Kaduna sun zama kufai. Ka bar su su kawo, sannan ka sa su nemo bambancin, dan a Kano mutane ƙaruwa suke yi kuma cikin birni a cunkushe yake, ba gidan da ake bari ba kowa, a Detroit kuwa adadin mutane ɗaya ne yake ta cin sabon fili. Ni yanda nake ba da shawarar a yi, a buɗe tsofaffin hotunan tauraron ɗan adam a Google Earth, suna komawa har tsakiyar shekarun 1980, a raba aji uku, rukuni ɗaya su ɗauki murabba'in mil ɗaya a wajen titin 23 Mile, na biyu murabba'i ɗaya a gabashin Detroit, na uku ɗaya a hanyar Zariya bayan Na'ibawa, kowa ya ƙiyasta rufin gida nawa da fili nawa a 1990 da kuma yanzu, a rubuta a allo kusa da lambobin ƙidaya. In babu data ko wuta, malam ya buga hotunan shida a takarda tun daga gida, ya ja musu layin murabba'i da biro kafin ya raba.